Mai Gadi na Huɗu

Ranar Litinin da hantsi aka afka wa manoman Ɗantutture a gonakin bayan rafi. An kashe mutum biyu, an tafi da huɗu. Maharan sun riga motar jami'an da za su raka masu girbi isowa da awa guda, kuma ta ɓangaren da ba a ajiye kowa ba suka ɓullo. Ba dace suka yi ba. Sun san rana, sun san lokaci.

Ranar da lokacin suna cikin takarda ɗaya, wadda kwamitin tsaron ƙauyen ya aika Kurfi ta imel yana neman rakiya. Jami'in da ya karɓe ta, ƙanensa na cikin waɗanda aka tafi da su, don haka ba wanda ya kalle shi. Saura mutum uku: Alhaji Sodangi shugaban kwamiti, Kwamanda Abdullatif na 'yan sa kai, sai Sa'idu, ɗan ƙauyen da ke da shagon buga takardu a Dutsin-Ma, wanda ya buga ta ya aika. A cikin ukun, Sa'idu ne ba shi da bindiga, ba shi da rawani. A wajen jana'iza aka kama shi.

*

Talata da safe matarsa Azumi ta sami Mardiya a ofishin kwamfuta na jami'a. Iyayensu mata 'yan ɗaki ɗaya ne. Mardiya ta yi shekara shida a Malesiya tana karatun tsaron na'ura, ta dawo ta tarar ba wanda ya san amfaninsa sai in wayarsa ta kulle. Mahaifinta mai bin sawun shanu ne a Makera, tun zamanin da ake satar saniya biyu ba garke ba. Shi ya sa ake ce mata mai bin sawu, rabi da wasa.

Azumi ba ta zauna ba. Ta ajiye makullin shago a kan tebur.

"Yaya, gobe ne sadakar uku. Samari sun ce da an shafa fatiha za a miƙo musu shi."

"Ya yi?"

"Haba Yaya!"

"Tambaya ce. In ya yi, zan gani a cikin na'urar, kuma ba zan ɓoye ba."

Azumi ta dube ta. "Ki duba. Mutumin da ko kaza sai ya kira maƙwabci ya yanka masa."

*

Shagon yana layin bayan kasuwa, tsakanin wani mai gyaran waya da rumfar Hajiya Zinariya mai waina. An rubuta INFOMA da gawayi a jikin ƙofa. Mardiya ta buɗe, ta tarar kwamfutar a kunne, sola na riƙe da ita. Kwamfutar ba ta nemi kalmar sirri ba. Kowa ya zauna, ya shiga.

Ta buɗe burauza, manhajar shiga intanet, ta jira. Sai da ta kusa minti uku kafin shafi ya fito. Saƙonnin gargaɗi suna tasowa ta kusurwa, ɗaya kan ɗaya, duk da Turanci. Ta fara kwafe komai cikin tata na'urar, ta fito ta gaida Hajiya.

A kan teburin waina akwai tarin takardu da aka yayyaga gida huɗu. Duk bugun injin Sa'idu ne.

"Hajiya, waɗannan fa?"

"Shi ke ba ni. Waɗanda suka lalace. Da su nake ƙunshe wa mutane."

Mardiya ta ɗauki tarin. In takardar kwamiti ta fita da waina, an gama bincike, kuma ba wanda za a kashe. Ta zauna a kan benci ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Takardun neman aiki, katin ɗaurin aure, sakamakon jarrabawa. Hajiya na juya tanda tana kallon ta.

"Ɗiyata, kina ɓata ma kanki lokaci. Jiya yaran Kwamanda sun zo sun yi wannan tonon. Takardar nan ba a buga ta a inji ba. Alhaji ya tsaya kansa ya ce a tura ta iska kawai, kada ta taɓa takarda."

"Kin ji da kunnenki?"

"Alhaji in yana sirri, har 'yan kifi suna ji."

"Ya faɗi rana da ƙarfi?"

"A'a. Wannan a tafin hannu ya rubuta ya nuna mashi."

Mardiya ta mayar da takardun yadda ta same su.

*

A Ɗantutture an kulle Sa'idu a ɗakin ajiyar taki na kwamiti. Kwamanda Abdullatif ne ya buɗe mata da kansa. Dogon mutum ne, idonsa ja don rashin barci.

"Minti goma, Malama. Don mutuncin mahaifinki. Ya taɓa gano ma babanmu bijimi."

Sa'idu na zaune a kan buhu, leɓensa a kumbure. Ta tsuguna gabansa.

"Manhajar tsaro nawa ka sa wa na'urarka?"

Ya ɗago. Bai zaci da wannan za a fara ba. "Uku, Yaya."

"Lissafa min."

"Akwai antibairos da na saye ta da shi. Bara ƙwayar cuta ta cinye min takardun ɗalibai, wani malami ya ce in ƙara wani, ya sa min. Sai Alhaji ya dawo daga Kano da wata a filasha, ya ce garkuwa ce, tana wanke intanet."

"Ka san daga ina ta fito?"

"Yaya, Alhaji ne ya miƙo min da hannunsa. In ce mashi mi?"

"Antibairos biyu ba sa zama a na'ura ɗaya. Kowanne yana ɗaukar ɗayan ɓarawo ne. Na farko ya ɗaure na biyu, na biyu ya toshe wa na farko hanyar sabuntawa. Wata goma sha ɗaya ba mai aiki a cikinsu. Ɗaya ya ishe ka, in kana sabunta shi, ka sabunta burauza, ka sa wa allo makulli."

"Ni na ɗauka yawansu shi ne ƙarfi."

"Gargaɗin da ke fitowa fa?"

"Sun yi yawa. Mutane na tsaye a layi. Sai in danna wanda zai kore shi."

"Me ya sa ba ka kashe ta?"

"In na kashe, sai ta yi minti ashirin kafin ta tashi. Tun da na ƙara na biyun. Sai na bar ta a kunne, dare da rana."

"Ranar Juma'a fa?"

"Kamar kowa. In gitta benci a ƙofa in tafi masallaci."

Mardiya ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo.

"Uku ka ce?"

"Uku."

"Huɗu na gani."

Kwamanda ya mayar da kwaɗo. Ya ce, "Malama, mu nan ba mu san antibairos ba. Mutum uku suka sani, biyu sun binne 'yan'uwansu jiya. Lissafin bai da wuya."

"In na kawo maka wani fa?"

"Ki kawo shi da suna. Kafin a shafa fatiha."

*

Alhaji Sodangi ya karɓe ta a zaure, yana jan carbi. Da ta ambaci garkuwar Kano, sai carbin ya tsaya.

"Wato ni kike zargi, ɗiyar Malam?"

"Baba Alhaji, filashar nake nema, ba kai ba."

Ya aika aka ɗauko ta daga aljihun wata riga. Ta saka a na'urarta a nan gabansa, ta bincika. Shara ce. Tana cika allo da tallace-tallace, tana rage gudu, tana ƙaryar ta kama ƙwayoyi ɗari biyu. Amma ba ta aika komai ko'ina.

"Ba ita ba ce," in ji ta.

"Alhamdu lillahi. To ai mai kyau ce ke nan."

"Ba ta da kyau. Ba ita ba ce kawai."

Alhaji ya karɓi filasharsa ya mayar aljihu. "Yaron nan ni na ba shi shawarar buɗe shago. Ubansa abokina ne. Kina jin daɗi nake ji? Amma gari ya yi zafi. In ba a ba su wani ba, za su ɗauka da kansu, kuma ba ɗaya za su ɗauka ba."

*

Da la'asar ta koma Dutsin-Ma ta zauna da manhaja ta huɗun. 'Yar ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa burauza, da hoton kwaɗon ƙofa kore, da suna irin na masu tsaro. A cikin taron sauran ba mai lura da ita. Aikinta ɗaya: duk abin da aka rubuta a shafi, ta kwafa ta tura wani akwati. Akwatin ba suna, ba lamba. Sawu ya ƙare a nan.

Ta koma baya. Ba daga intanet aka sauke ta ba, da hannu aka dasa ta. Mardiya ta buɗe antibairos na farko, wanda aka ɗaure. Ba ya iya hana komai, amma bai daina rubuta abin da ya gani ba. Duk filashar da aka soka, yana ajiye sunanta da lambar jikinta da lokaci. Ta bi jerin zuwa ranar da aka dasa manhajar.

Juma'a, mako uku da suka wuce. Ƙarfe biyu da minti tara. Sunan filashar TAFSIRI 3. An zare ta bayan minti huɗu.

Ta fito. Hajiya Zinariya na wanke tanda.

"Hajiya, Sa'idu yana fashin Juma'a?"

"Shi? Tun ɗaya da rabi yake tafiya, ya samu sahun gaba."

"In an gitta benci, wa ke tsallakawa?"

"Ba mai tsallakawa. Bencin nan ya fi kwaɗo. Baƙo ya gani ya san ba kowa."

"Wanda ba baƙo ba fa?"

Hajiya ta ci gaba da goge tanda. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Maƙwabci yakan shiga ɗaukar caja ko almakashi. Ba na ƙirgawa. Ni waina nake saidawa, kuma ina da jikoki a Ɗantutture."

*

Mai gyaran wayar sunansa Maniru. Shi ma ɗan Ɗantutture ne, ƙanen Kwamanda Abdullatif, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban da gyara, yana tura wa mutane karatu da wa'azi a waya. Filashoshinsa na rataye a zare ɗaya, kowace da lamba da farin fenti.

"Anti Mardiya, sannu da ƙoƙari. Wallahi abin Sa'idu ya dame ni. Ko barci ba na yi."

"Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Ƙafar ce har yanzu."

Kowa ya san labarin. Wata biyu da suka wuce an ɗauke mahaifiyarsu a hanyar Kurfi. Ta yi kwana goma sha tara a daji, sai ga ta ta dawo da ƙafarta, ba a kai komai ba. An ce addu'a ce. An yi walima.

"Tafsiri nake so ka tura min," in ji Mardiya. "Na uku."

"Kawo wayar."

"A kwamfuta nake so."

Ta buɗe na'urarta a kan teburinsa. Ya zaro filashar daga zare, ya soka da kansa. Lambar jikinta ta fito a allo. Mardiya ta duba takardar da ke hannunta, ta duba allo. Maniru ya bi idonta. Gyaran waya yake yi, ya san abin da yake kallo.

Bai yi musu ba. Ya zauna a kan kujerar kwastoma.

"Gobe za ka zo sadaka?" in ji ta.

"Dole ne."

"Ka zo da ita."

Ta zare filashar, ta yi tunani, ta sa a jakarta. "A'a. Ni zan zo da ita."

*

Laraba da hantsi tabarmi sun cika ƙofar gidan Alhaji. Samari sun ja gefe guda ƙarƙashin bedi, ba sa ci, ba sa magana. Mardiya ta nemi a shiga zaure na ciki kafin addu'a: Alhaji, Kwamanda, Maniru. Aka shigo da Sa'idu ta baya, hannunsa a ɗaure. Ita ta zauna kusa da ƙofa, ta ajiye na'ura a ƙasa.

Ba ta yi dogon bayani ba. Ta nuna musu ranar da lokacin. Ta tambayi Alhaji ko ya san inda Sa'idu yake kasancewa ƙarfe biyu na Juma'a, ya ce duk mai zuwa Dutsin-Ma ya sani. Ta ajiye filashar a tsakiyar tabarma, farin fentin yana sama.

Kwamanda ya daɗe yana kallon filashar. Ya san rubutun.

"Agogon na'ura yana ƙarya," in ji shi.

"Yana yi. Lambar jikin filasha ba ta yi."

"Ana aron filasha."

"Ana yi. Ka tambaye shi wa ya ara wa."

Kwamanda bai juya ba. "Maniru."

"Yaya."

"Wa ka ara ma?"

Maniru ya sa fuska cikin tafukansa. "Sun kira ni rana ta goma sha bakwai. Suka sa ta a waya, Yaya, na ji muryarta. Suka ce ba su son komai, labari kawai suke so, in ba haka ba in zo in ɗauki gawa. Kai ba ka gaya min komai. Na san Sa'idu ke buga takardun. Na ce ai shanu za su kora su tafi. Wallahi ban san za a..."

"Rufe bakinka."

Ya rufe. Daga waje ana jin liman yana gyara lasifika.

Sa'idu ne ya fara magana, muryarsa a dishe. "Ni na riƙe maka shago ranar walimar Inna."



Mardiya ta ce, "Baba Alhaji, a kwance shi. A fita a faɗa wa mutane ba shi ba ne."

"In an ce ba shi ba ne, za su ce wane ne." Alhaji ya ajiye carbi. "Ki saurare ni, ɗiyar Malam. In sunan wanga yaro ya fita zauren nan, kafin azahar an kashe shi, an ƙona gidansu da tsohuwar a ciki. Yaran Abdullatif rabi za su tsaya mashi, rabi su juya mashi bindiga. Daren yau ba mai gadin gari. Su kuma na daji za su ji, don kullum suna ji. Mutum huɗunmu na hannunsu."

"Sai a kashe wanda bai yi ba?"

"Ba za a kashe shi ba. Za ki fita da shi ta baya a motarki. Ni zan ce an miƙa shi ga hukuma."

"Da sunan infoma a kansa."

"Ransa nake ceta. Abin da zan iya ke nan."

Ta juya ga Kwamanda. "Ka ce in kawo maka shi da suna."

Kwamanda ya zaro wuƙa, ya yanke igiyar hannun Sa'idu. Ya ɗauki filashar ya sa a aljihun gaba. "Maniru zai bar ƙasar nan yau. Zan ce ya tafi neman aiki. Ba zai sake taka Ɗantutture ba. Inna ba za ta sani ba."

"Ina da kwafi," in ji Mardiya. "Zan iya kai wa 'yan sanda a Katsina."

"Kina iyawa," in ji Alhaji.

Sa'idu na murza wuyan hannunsa. Ya girgiza kai.

"Yaya, bari."

"Sunanka ne, Sa'idu."

"Na sani. Baba da Goggo ba za su tashi daga garin nan ba, sun tsufa. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta gabas. In an kama ƙanen Kwamanda saboda ni, wa zai tsaya a wannan lungun da dare?" Ya dubi Abdullatif. "Za ku ci gaba da tsayawa?"

"Za mu tsaya," in ji Kwamanda, idonsa a ƙasa.

"Shi ke nan."

Mardiya ta rufe na'urarta.

*

Motar na bayan gida, kusa da rumbu. Azumi na ciki tun safe. Sa'idu ya kwanta a kujerar baya, aka lulluɓe shi da tabarma. Daga lasifika muryar Alhaji ta taso, yana cewa hukuma ta karɓi wanda ake zargi, a yi haƙuri, a bar wa doka. Hayaniya ta tashi, ta daɗe kafin ta kwanta.

Mardiya ta tayar da mota.

"Yaya, kin gano?" in ji Azumi.

"Na gano."

"Ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne."

"To yaushe za a faɗa?"

Mardiya ta sa giya. "Ba za a faɗa ba."

Azumi ta buɗe baki, sai ta juya ta dubi tabarmar.

Hanyar fita ta gabas take bi. Suka wuce masallaci, suka wuce injin niƙa. A gida na ƙarshe wani tsoho na zaune a kan dakali, ya shimfiɗa tabarma a gabansa yadda ake yi in ana sa ran masu zuwa jaje. Mardiya ba ta rage gudu ba.

Daga ƙarƙashin tabarma Sa'idu ya ce, "Mun zo gida?"

"Mun wuce."

"Baba na waje?"

"Yana waje."

"Da wa?"

Mardiya ta duba madubi.

"Shi kaɗai."